Sawun Motar Soja a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Matafiyin da ya baro Doso da safe ya nufi gabas bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, idan ya wuce Kore Mairuwa cikin gundumar Tibiri, ba ya daɗewa sai ya hango jan tsaunin da ya ba Dogon Dutsi sunansa. Kimanin kilomita 275 ke tsakanin garin da Yamai, tafiyar da motar haya ke cinyewa cikin ƴan sa'o'i. Fasinja na gyangyaɗi, direba na sauraron rediyo, da wuya wani ya tambayi dalilin da ya sa hanyar ta biyo ta nan, balle ya tambayi waɗanda suka share ta tun tana daji. Alhali kuwa wannan hanya tana da tarihi mai tsawo, kuma soja da motocinsu sun kwashi kaso babba a cikinsa. A ƙasashen Turai akwai masu sha'awar tsofaffin motocin soja, suna gyara su, suna yin doguwar tafiya da su don tunawa da mazan jiya. A ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ke kwance cikin kwarin Dallol Mawri, irin waɗannan motoci sun wuce tun suna sababbi, kuma sun bar abin da ya cancanci a bi sawunsa.

Yadda iyaka ta haifi hanya

Kafin zuwan Nasara, harkar Arawa ta fi karkata wajen Kabi da Sakkwato. Fatake suna bin kwarin da jakuna da takarkarai, ɗauke da gishirin Foga da goro da tufafi, suna yada zango inda ruwa yake kusa. Matankari ce mazaunin Sarkin Arewa, Tibiri ta Samna ce, Lugu ta Sarauniya, Bagaji ta Baura. Babu wani abu a wannan tsari da yake bukatar miƙaƙƙen gwadabe daga bakin kogin Kwara zuwa Damagaram.

Ayarin soja na kyaftin Voulet da Chanoine ya tsaga ƙasar daga yamma zuwa gabas a 1899. Ba su da mota ko ɗaya. Kayansu a kan mutane suke, ɗaruruwan ƴan dako da aka kama da ƙarfi, kuma duk garin da ya ƙi ba da hatsi da mutane sai wuta. A watan Afrilu na wannan shekara suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi ɓarnar da ba a manta ba a Birnin Ƙwanni, kafin sojojinsu su juya musu baya a watan Yuli can ƙasar Tasawa. Layin da suka bi da jini bai yi nisa da wanda kwalta ke bi yau ba.

Abin mamaki shi ne, a lokacin da suke wannan aika-aika, yawancin ƙasar da suke takawa ba ta cikin rabon Faransa a takarda. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ta sa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, ta zana da'ira mai nisan mil 100, wato kilomita 160, ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Dogon Dutsi da Ƙwanni duka suka faɗa ciki. Don haka ayarin Faransawa da zai tafi Damagaram sai ya zagaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke da nisa da juna, mutane da dabbobi na galabaita da ƙishirwa. Faransa ta yi ta kuka a kan tana bukatar hanya mai ruwa. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 ta sarayar da wani tsohon haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar tsibirin Terre-Neuve, can kusa da Kanada, aka saka mata da abubuwa da dama, ciki har da turo iyakar nan kudu. Yarjejeniyar 1906 ta tabbatar da haka, kyaftin Tilho da takwaransa na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Ta haka kifin wani teku da Ba'are bai taɓa jin sunansa ba ya shiga cikin cinikin rijiyoyin ƙasarsa.

Da ƙasar ta koma hannun Faransa, sai kujerar mulki ta tashi daga Matankari ta dawo Dogon Dutsi, wanda ke daidai bisa sabon layin. A 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. Hanyar da ta haɗa biranen biyu ta zama ƙashin bayan ƙasar, Arewa kuwa ta zama zangon da babu makawa sai an bi ta kansa.

Ayarin motoci takwas

Wajen ƙarshen shekarar 1924, sanyin hunturu ya fara shigowa, wasu motoci takwas masu siffar ban mamaki suka ratsa Arewa. Gabansu tayu biyu ne kamar na kowace mota, bayansu kuwa wata sarƙa ce ta roba mai faɗi da ke zagaya ƙananan gare-gare, kowace mota tana jan ƙaramar tirela. Ayarin kamfanin Citroën ne, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna Croisière noire, wato baƙar tafiya, sunan da shi kansa yake nuna irin idon da suke kallon Afirka da shi.

Ko da yake kamfani ne ya shirya tafiyar, warin soja bai rabu da ita ba. André Citroën da ƙera harsashin igwa ya yi arziki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1919 ya juya masana'antarsa zuwa ƙera motoci. Sarƙar robar kuwa dabara ce ta injiniya Adolphe Kégresse, wanda ya ƙirƙiro ta lokacin da yake kula da motocin Sarkin Rasha Nikolas na Biyu, don tafiya bisa ƙanƙara. Abin da ke hana mota nutsewa a ƙanƙara shi ne ke hana ta nutsewa a rairayi: nauyinta ya bazu bisa wuri mai faɗi. Sojan Faransa ya ɗauki irin waɗannan motoci aiki, daga baya Amurkawa suka gina nasu motocin yaƙi masu rabin sarƙa bisa wannan dabara. Jagoran ayarin, Georges-Marie Haardt, babban darektan kamfanin ne, amma mataimakinsa Louis Audouin-Dubreuil tsohon hafsan soja ne da ya san Sahara, kuma akwai kumandan Bettembourg na sojan mulkin mallaka a cikinsu. Mutanen biyu na farko su ne suka ƙetare Sahara da motoci biyar daga Tugurt zuwa Tumbutu, tsakanin 17 ga Disamba 1922 da 7 ga Janairu 1923. Gwamnatin Faransa na bin tafiyar da ido, don tana son ta san ko mota za ta iya haɗa mata ƙasashenta na Afirka, ta kai soja da saƙo inda raƙumi ke kwana da kwanaki.

Sun tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924, suka tsaga hamadar Tanezruft, suka faɗo bakin Kwara a Burem, suka gangaro Yamai. Daga nan suka juya gabas: Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa, Tasawa, Damagaram, Gigimi, har suka isa Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, a jajibirin Kirsimati. Ba su sauke kaya ba sai a Antananaribo ta Madagaska, ranar 26 ga Yuni 1925, bayan tafiyar kimanin kilomita 20.000.

Injin motocin ƙarami ne ƙwarai, mai tukunya huɗu da ƙarfin doki 20, wanda ƙaramar motar haya ta yau ta ninka shi. Tafiyar sannu ake yi, ana tsayawa gyara, ana jiran lagireto ya huce. Kowace mota da tambarinta a jikin ƙofa: ta jagora buzuzun zinariya, ta mataimakinsa jinjirin wata na azurfa. Sun zo da mai ɗaukar sinima, Léon Poirier, da mai zane, Alexandre Iacovleff. A ƙasar Zabarmawa aka tarye su da dawaki masu lifidi da algaita, a Tasawa suka sauka wajen Sarki Barmu. Fim ɗin ya fito a Paris a 1926, ya yi farin jini, ya sayar wa kamfanin motoci, ya kuma sayar wa Turai da hoton Afirka a matsayin filin da jarumi ke ratsawa shi kaɗai.

Waɗanda suka share hanya

Mota ba ta shan ruwan rijiya ta ƙoshi. Kafin ayarin ya taso, an shafe watanni ana jibge masa mai da kayan gyara da abinci a zango-zango, kuma inda babu jirgin ƙasa ko na ruwa, raƙuma da jakuna da kawunan mutane ne suka kai su. Hanyar da motocin suka taka tsakanin Doso da Ƙwanni ma hannu ne ya share ta. Tun 1912 dokar ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma ta ɗora wa kowane namiji mai lafiya wasu kwanaki na aikin dole a kowace shekara, ban da lanhon da yake biya. Kumandan ya faɗi adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, gardi ya bi da bulala. Aikin shi ne sare itatuwa, tumɓuke kututture, fasa marmara da ɗaukar tsakuwa a kwando bisa kai, a zuba a daddaɓe. Damina ta zo ruwa ya kwashe, kaka ta yi a sake kiran mutane. Wanda ya ƙi, dokar talakawan mallaka ta ba kumandan ikon ɗaure shi ko cin shi tara ba tare da shari'a ba.

Arawa suna da mafita guda da wasu ba su da ita: iyaka na kusa. Gidaje da dama sun kwashe nasu ya nasu suka ƙetara ƙasar Ingilishi, inda dangi da harshe duk ɗaya ne. Waɗanda suka zauna suka ci gaba da ɗaukar kwando har ranar 11 ga Afrilu 1946, da majalisar Faransa ta soke aikin dole bisa dokar da ɗan majalisa Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya gabatar.

Littafin tafiyar da fim ɗinta sun adana sunayen Turawan ayarin har da na makanikai. Motar mai tambarin jinjirin wata da ta ƙetare Sahara a tafiyar farko tana ajiye a gidan tarihin garin Saint-Jean-d'Angély, mahaifar Audouin-Dubreuil. Mutanen Kore Mairuwa da Kieshe da Dankasari da suka share wa motocin hanya kuwa, a takardun mulki lissafi ne kawai, mutum kaza kwana kaza. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Daga fagen yaƙi zuwa buhun gyaɗa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Nijar na hannun gwamnatin Vichy har zuwa ƙarshen 1942, iyaka da Najeriya ta zama ta abokan gaba, mai da taya suka yi wuya, nauyin sufuri ya sake komawa kan dabba da ɗan Adam. Da yaƙi ya ƙare, sai duniya ta cika da rarar motocin soja. Amurka kaɗai ta ƙera fiye da 500.000 na babbar motar nan ta GMC mai ƙafa shida, ga kuma Dodge da Bedford ta Ingila. Aka yi gwanjonsu da araha, wasu suka gangaro Afirka ta Yamma, aka cire musu kakin soja aka ɗora musu bodin katako. Mota ce da aka yi don wahala: ba ta tsoron rami, injinta ba shi da sarƙaƙiya, maƙerin gari na iya ƙera mata abin da ya karye.

Zuwansu ya dace da zamanin gyaɗa. A 1953 hukuma ta ƙaddamar da shirin da ta kira Opération Hirondelle, don gyaɗar Maraɗi da sauran ƙasar Hausa ta riƙa fita ta Dahome maimakon ta dogara ga jirgin ƙasan Kano kaɗai. Kamiyo ya ɗauko buhuna ya biyo ta Ƙwanni da Dogon Dutsi zuwa Doso, ya karkata kudu zuwa Gaya, ya ƙetare Kwara ya kai Paraku inda dogo ya tsaya, ya komo da siminti da mai da kayan kanti. Hanyar da aka share don soja da wasiƙar gwamna ta zama ta kasuwa, bakin tasha ya cika da masu tuwo da masu faci, samarin Arewa suka sami sabuwar sana'a.

A daidai wannan zamani wani kamfanin Faransa ya sake gwada dabarar Citroën. A watan Nuwamba 1959 Berliet ya tura manyan motoci tara masu ƙafa shida, ƙirar Gazelle, suka tsaga Tenere daga kudancin Aljeriya zuwa Fort-Lamy, tare da masana irin su Henri Lhote. Wannan ayari bai biyo ta Arewa ba, amma ƙanwar motar, GBC 8 KT, ita ce sojan Faransa ya runguma tun farkon shekarun 1960. Injinta mai tukunya biyar ne, tana ɗaukar tan huɗu a kowane irin daji, kuma an yi ta yadda za ta sha gazuwal ko isansi ko kananzir, duk wanda ya samu. Ta yi aiki shekaru da dama a ƙasashen Sahel. Rundunar sojan Nijar da aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961 da kayan da ta gada daga Faransa ta fara, har da motoci.

Ranar da motar soja ta fi shiga zukatan talakawa ita ce ta yunwa. Farin 1973 da 1974 ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi, aka yi ta gunaguni a kan yadda taimakon abinci ke maƙalewa a hanya. Da laftanan-kanal Saini Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, raba hatsi na cikin ayyukan farko da ya ɗora wa soja. Ƙauyukan da kakanninsu ke gudu daji in sun ji ƙarar motar kumandan, sai ga jikoki sun fito bakin hanya suna jiran kamiyon soja da buhunan dawa.

Aikin direba da yaronsa

Wanda ya saba da motar zamani ba zai gane wahalar tuƙa waɗannan gingimarai ba. Sitiyari ba shi da mataimaki, ƙarfin damtse ne ke juya shi. Giya ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu an daidaita kukan inji da kunne. Kafin a shimfiɗa kwalta, aikin da aka yi sannu a hankali cikin shekarun 1960 da 1970 da taimakon kuɗin Turai, jar hanyar na yin gargada kamar bayan kwanon rufi: in an yi sannu mota ta wargaje da girgiza, in an yi gudu ta ƙwace. A kwarin dallol rairayi ne, sai a rage iskar taya, a haƙa, a shimfiɗa faranti na ƙarfe ko rassan itace, fasinja su sauko su tura. Da damina akan sa shinge a hana manyan motoci wucewa sai hanya ta tsane, mutum ya kwana biyu a zangon da bai yi niyya ba.

Rabin aikin yana wuyan yaron mota. Shi ke juya ƙarfen tayar da inji da asuba, shi ke dirowa da gungumen katako ya tokare taya a kan hawa, shi ke cika lagireto, shi ke kwana ƙarƙashin mota yana gadin kaya, shekara da shekaru kafin maigida ya bar shi ya riƙe sitiyari. Harshen tasha ma ya adana tarihin iyakar nan: direba da birki da taya da giya daga Ingilishi suka shigo ta Najeriya, kamiyo da aparanti da isansi da gazuwal daga Faransanci, karen mota kuwa Bahaushe ne ya raɗa abinsa.

A shekarun 1970 da 1980 wani sabon iri ya bayyana: samarin Turai da ke sayen tsofaffin motocin soja, Bedford ko Unimog ko Berliet, su mai da bayansu ɗakin kwana, su ƙetaro Sahara ta Tamanrasat da Agadas. Waɗanda suka nufi Yamai ta Tawa da Ƙwanni, ƙarƙashin tsaunin Dogon Dutsi suke wucewa, wasu su sayar da motar a ƙarshen tafiya su koma gida a jirgi. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a shekarun 1990 suka rage wannan zirga-zirga, taɓarɓarewar tsaro a Sahel daga baya ta kusan kashe ta.

Abin da hanya ta bari a zukata

Masaniyar al'adu Adeline Masquelier, wadda ta yi dogon bincike a Dogon Dutsi, ta wallafa wani nazari a 2002 a kan yadda Arawa ke kallon wannan hanya. Ta nuna cewa ana son ta kuma ana tsoronta. Ita ke kawo kaya da kuɗi, ita ke kai samari ci-rani, ita ce kuma ke cin rayuka. A labaran da ta tattara, masu aikin hanya sun sare itatuwa sun tone wuraren da iskoki ke zaune, iskokin da suka rasa gida suka koma bakin hanya suna kifar da motoci. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, labarin yana ɗauke da hukuncin jama'a a kan yadda aka yi aikin: an yanka ƙasa ba a tambayi masu ita ba, na fili da na ɓoye. Abin da takardar kumandan ta ƙi rubutawa, bakin mutane ya ajiye shi ta hanyarsa.

Kammalawa

Tarihin motar soja a Arewa ya fara da ayarin da ya zo nuna ƙarfin mai mulki, ya bi ta kan buhun gyaɗa, ya kai ga buhun taimako. A kowane mataki akwai hannun ɗan ƙasa: mai kwando, mai jaki, yaron mota, makaniken da ya raya injin da masu shi suka yafe. Ɓangaren Turawa na wannan labari yana cikin littattafai da fina-finai da gidajen tarihi, babu abin da zai same shi. Ɓangaren Arawa kuwa yana bakin tsofaffi. Wanda aka kama aikin dole yana saurayi kafin 1946, in yana raye ya doshi shekara ɗari, amma ƴaƴan da suka ji daga bakinsu suna nan, haka ma direbobin zamanin gyaɗa da yaransu, da matan da suka yi layin hatsi a 1974.

Wannan aiki ne da malaman lakwal da ƙungiyoyin raya al'adu na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri za su iya ɗauka ba tare da jiran kuɗin kowa ba. Ɗalibi ya zauna gaban kakansa da wayar hannu, ya tambaye shi wane ne aka ɗauka daga gidansu, wane yanki na hanya suka yi, me suke ci, wace mota ya fara gani, wa ke tuƙa ta. A rubuta amsar da Hausa yadda aka faɗe ta, a sa sunan gari da shekara, a ajiye kwafi a makaranta. Idan kowane aji ya kawo shaida goma, cikin shekara guda hanyar da ke tsakanin Kore Mairuwa da Dankasari za ta sami sunayen waɗanda suka share ta.